Barin kwal: wa zai biya, wa za a bari a baya?

Wani matashi daga Daura, ɗalibi mai karatun tattalin arziki, ya aiko mini da tambaya. Ga ta a taƙaice: Turawa da kwal suka gina masana'antunsu har suka yi ƙarfi, yau kuma sun ce kowa ya bar shi saboda ɗumamar yanayi. Ina adalci a nan? Mu da ko wutar kirki ba mu da ita, me ya haɗa mu da wannan magana?

Ƙanena, Allah ya yi maka albarka. Na daɗe ina aikin lantarki a nan Katsina, daga na layin gwamnati har zuwa na sola, kuma wannan tambayar taka ta daɗe tana cin raina. Zan amsa maka iyakar sanina.

Mu fara raba kwal da gawayi, domin mutane da yawa suna haɗa su. Gawayi itace ne da aka ƙona aka binne shi da ƙasa kafin ya zama toka, shi ne wanda mai shayi da mai guga suke zubawa a kurfoti. Kwal kuwa baƙin dutse ne da ake haƙowa daga ƙarƙashin ƙasa, ragowar dazuzzukan da suka nutse tun miliyoyin shekaru. Shi ake ƙonawa a tafasa ruwa, tururin ya juya injin da ke ba da lantarki, da shi ake narka ƙarfe, da shi ake gasa siminti. A cikin dukan abin da ake ƙonawa don samun wuta babu mai fitar da iskar kabon, wadda ke ɗumama duniya, kamarsa: idan ka samar da wuta daidai wa daida, hayaƙin kwal ya kusa ninka na iskar gas sau biyu. Shi ya sa duk lokacin da aka zauna zancen yanayi, sunansa ne yake fara fitowa.

Ta fuskar tarihi gaskiyarka ce, ba wanda zai iya musa maka. Iskar kabon ba ta gushewa da wuri, tana iya ɗaukar ɗaruruwan shekaru a sararin sama, don haka hayaƙin da masaƙun Ingila suka fitar tun zamanin kakannin kakanninmu yana cikin abin da ke dafa mu yau. Amurka ita kaɗai ta fitar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na duk kabon ɗin da aka tara tun farkon zamanin masana'antu. Nahiyar Afirka gaba ɗayanta ba ta kai kashi 4 cikin 100 na abin da duniya ke fitarwa a shekara ba. Ɗan Najeriya, idan aka raba, bai kai tan ɗaya a shekara ba, Ba'amurke kuwa ya haura tan 13. Duniya ma ta amince da wannan a rubuce tun taron Riyo na ƙasar Burazil a 1992, inda aka ce nauyin na kowa ne amma ba daidai yake ba, wanda ya fi ɓatawa kuma ya fi hali shi zai fi ɗauka.

To amma kada wannan gaskiyar ta kai ka ga cewa maganar yanayi ta Turawa ce, ba ruwanmu. Mu ne a bakin Sahara. Tambayi duk manomin da ya haura shekara sittin a Zango ko Baure ko Mai'aduwa yadda damina take a da da yadda take yanzu: ruwa ya sauka a yi shuka, ya ɗauke sati biyu ko uku, gero ya ƙone a binne, a sake neman iri. In ya tashi dawowa kuma ya zo a dare ɗaya da ƙarfin da ƙasa ba za ta iya shanyewa ba. Mutanen Jibiya ba za su manta da ambaliyar watan Yuli na 2018 ba, wadda ta ci rayuka sama da 40. A 2022 ambaliya ta kashe fiye da mutum 600 a faɗin ƙasar nan, ta raba sama da miliyan ɗaya da muhallinsu. Ba kowane ruwa ba ne za a ɗora wa ɗumamar yanayi, akwai laifin toshe magudanan ruwa da gini a kan hanyarsa, amma iska mai zafi ta fi ɗaukar danshi, kuma in ta sauke shi da yawa take saukewa. A Faris a 2015 ƙasashe suka yi alkawarin riƙe ƙaruwar zafin duniya ƙasa da digiri 2, tare da ƙoƙarin tsayar da ita a 1.5. Shekarar 2024 ita ce ta farko da aka auna ta haura 1.5 ɗin nan. Idan China, wadda ke ƙona fiye da rabin kwal ɗin duniya, da Indiya da Amurka suka ci gaba yadda suke, gonar mahaifinka ce za ta biya. Saboda haka ni, a matsayina na ɗan Katsina, ina so duniya ta bar kwal, kuma da sauri. Rigimata tana kan yadda za a bar shi da kuma wanda za a ɗora wa kuɗin.

A nan zan kai ka Inugu, domin mutane da yawa ba su san cewa Najeriya ta taɓa zama ƙasar kwal ba, kuma ta riga ta bar shi sau ɗaya. An gano kwal a yankin Udi a 1909, aka fara haƙarsa 'yan shekaru bayan nan. Saboda shi aka kafa tashar jiragen ruwa ta Fatakwal, saboda shi aka shimfiɗa layin dogo daga can zuwa Inugu, kuma da shi jiragen ƙasan da suka riƙa kwasar gyaɗa da auduga daga Kano da Funtuwa suke tafiya. Garin Inugu kansa kwal ne ya haife shi. A ranar 18 ga Nuwamba 1949 'yan sandan mulkin mallaka suka buɗe wa mahaƙa masu yajin aiki wuta a kwarin Iva, suka kashe mutum 21, abin da ya ƙara rura wutar neman 'yancin kai. Zuwa ƙarshen shekarun 1950 ana haƙo kusan tan dubu 900 a shekara. Daga nan sai abubuwa suka juya. An samu mai a Oloibiri a 1956, hukumar jiragen ƙasa ta koma kan injinan dizal, wutar lantarki ta karkata zuwa madatsar Kainji da gas, yaƙin basasa ya zo ya tsayar da aiki, ruwa ya cika ramuka. Ba wanda ya yi maganar yanayi a lokacin, kasuwa ce kawai ta juya baya.

A Inugu na yi bautar ƙasa. Gidan da na zauna akwai wani dattijo tsohon mahaƙi, yana da hular kwano da fitilar goshi da ya rataye a ƙusa a bangon ɗakinsa, kullum sai ya goge su duk da ya fi shekara goma bai shiga rami ba. Tari ba ya barinsa barci, ina jin sa ta bango har asuba. Wata rana ya buɗe wata jakar leda ya nuna mini takardun fanshonsa, duk sun yi laushi saboda yawan naɗewa da buɗewa, ya ce ya daina ƙirga sau nawa ya je tantancewa. 'Ya'yansa maza biyu suna acaɓa. Ba wanda ya koya musu wata sana'a, ba masana'antar da aka kafa a madadin ramin, ba wanda ya rufe ramukan da kyau ko ya tace ruwan da ke fitowa daga cikinsu. Ƙasa ta ci moriyar ƙarfinsa ta wuce. Duk lokacin da na ji ana zancen sauya makamashi cikin adalci, fuskar wannan dattijon nake gani. Kalmar ma daga ƙungiyoyin ƙwadago na Amurka ta samo asali, mutanen da suka ce in za a rufe wata masana'anta don amfanin kowa, bai kamata ma'aikacinta shi kaɗai ya ɗauki asarar ba. Kai da kake Arewa ba sai an yi maka dogon bayani ba, ka ga abin da rufe masaƙun Kakuri ya yi wa Kaduna.

Ƙasashen da suka bar kwal ma ba hanya ɗaya suka bi ba. Ingila ta rufe ramukanta da ƙarfi bayan dogon yajin aikin 1984 zuwa 1985, garuruwan mahaƙa suka shiga talauci da har yau ba su gama farfaɗowa ba, ko da yake ta kashe tasharta ta ƙarshe mai amfani da kwal a ranar 30 ga Satumba 2024. Jamus ta bi a hankali. Ta ɗauki gomman shekaru tana rage ma'aikata ta hanyar ritaya da wuri da koyar da sabuwar sana'a, ta rufe ramin baƙin kwal na ƙarshe a Disamba 2018, sannan a 2020 ta yi doka cewa za ta daina wutar kwal zuwa 2038, ta ware kusan Yuro biliyan 40 don yankunan da abin zai shafa. Lura da wannan adadin da kyau, domin za mu kwatanta shi da wani.

Afirka ta Kudu ita ce ƙasar kwal ta gaske a nahiyarmu. Kusan kashi 80 cikin 100 na wutarta daga kwal take fitowa, mafi yawan ramuka da tashoshin suna lardin Mpumalanga, kuma dubban gidaje da su suke ci. A taron yanayi na Gilasgo na 2021 Amurka da Ingila da Faransa da Jamus da Tarayyar Turai suka yi mata alkawarin dala biliyan 8.5 don ta rage kwal. Da aka buɗe ƙunshin sai aka ga mafi yawansa rance ne, kyautar da ke ciki ba ta kai kashi 5 cikin 100 ba. Wato Jamus ta ba yankunanta biliyan 40, ƙasar da ke fama da rashin aikin yi da ɗauke wuta kuma an ba ta bashi ta biya da ruwa. A Oktoba 2022 aka kashe tashar wutar kwal ta Komati, kuma daga baya hukumomin ƙasar da kansu suka amsa cewa an rufe ta kafin a shirya wa mutanen garin abin da zai maye gurbinta. Direban tifar da ke kai kwal, da matar da ke sayar da abinci a bakin ƙofa, da mai ba da hayar ɗaki, babu sunansu a takardar ma'aikata, don haka babu su a lissafi. A farkon 2025 kuma Amurka ta janye daga yarjejeniyar. Haka alkawarin dala biliyan 100 a shekara da aka yi wa ƙasashe masu tasowa a Kofanhegan a 2009, aka ce zai cika a 2020, bai cika ba sai 2022. Lokacin da yaƙin Rasha da Yukiren ya katse gas a 2022, Jamus ta sake kunna wasu tashoshin kwal da ta ajiye, ba ta nemi izinin kowa ba. Ban ga laifinta ba, gwamnati ba za ta bar mutanenta cikin sanyi ba. Amma wanda ya yi wa kansa wannan uzurin ya kamata ya yi wa wasu.

Wataƙila ka ce to mu ma mu haƙo namu mu ƙona. Akwai kwal a Kogi da Binuwai da Inugu, akwai na Maiganga a Gombe wanda ake gasa siminti da shi a Ashaka. Ra'ayina shi ne kada mu gina tashoshin lantarki na kwal, kuma ba don wani Bature ya hana ba. Tashar kwal ana gina ta ne ta yi shekara arba'in, masu ba da rance sun janye, China ma da ta fi kowa gina su a ƙasashen waje ta sanar a 2021 cewa ta daina. Tashar kwal tana shan ruwa mai yawa, tana barin toka da hayaƙin da ke cin huhu. A cikin shekaru goma daga 2010 farashin faifan sola ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100. Mu da rana ke dukanmu wata goma sha biyu, mu ɗauki bashin shekara arba'in a kan abin da duniya ke gudu, wannan sakin reshe ne a kama ganye. Gas kuma wata magana ce daban. Da shi muke samar da mafi yawan 'yar wutar da muke da ita, wadda da ƙyar take haura megawat 5,000 ga mutum sama da miliyan 200, kuma kusan miliyan 85 daga cikinmu ba su da ita sam. Idan bankunan Turai suka ƙi ba da kuɗin bututu da tashar gas a Najeriya, alhali jiragen ruwa suna ɗibar gas ɗin nan daga Bonny suna kai musu, to a nan kam zan tsaya tare da kai in ce ba a yi adalci ba. Sola da batir za su haska gida su tayar da famfo, amma injin narka ƙarfe da masaƙa suna bukatar wutar da ba ta faɗuwa da magariba. Ina jiran ranar da bututun Ajakuta zuwa Kaduna da Kano zai kawo gas Arewa.

Ka tambayi abin da ya haɗa mu da maganar. Abin da kwal yake ga Mpumalanga, shi ne man fetur yake gare mu. Albashin malamin firamare a Sandamu, da maganin asibitin Daura, da kwaltar da ake zubawa a titi, kaso mai yawa na kuɗinsu daga rabon asusun tarayya yake zuwa, wanda mai ke riƙe da babban ɓangarensa. Marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, ɗan garinku, shi ya tsaya a Gilasgo a 2021 ya ce Najeriya za ta daidaita hayaƙin da take fitarwa da wanda take shanyewa zuwa 2060, ya kuma sa hannu a dokar sauyin yanayi a watan Nuwamba na shekarar. Ko mun cika wannan alkawari ko ba mu cika ba, masu sayen manmu suna komawa motocin lantarki. Ranar da kasuwa ta juya wa mai baya kamar yadda ta juya wa kwal ɗin Inugu, jihar da ba ta gina wata hanyar samun kuɗi ba za ta zama kamar dattijon nan da jakar takardunsa.

Mun ma ɗanɗana. A ranar 29 ga Mayu 2023 aka sanar da cire tallafin mai. Lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000. Akwai hujjoji masu ƙarfi na cire shi, ba na musu, amma an rufe ƙofa kafin a buɗe wata. Akwai wata baiwar Allah da ke tuyar ƙosai a bakin layinmu, wajen Ƙofar Marusa. Shekarun baya ta tara kuɗin adashi ta sayi tukunyar gas, tana murna idonta ya huta da hayaƙi. Da kuɗin gas ya tashi sai na ga tukunyar a kife a gefe, ta zama kujerar da 'yarta ke zama tana ƙulla ƙosai a leda, ita kuma ta koma duwatsu uku da itace, tana fifita wuta tana share hawaye da gefen mayafi. Itacen nan daga wani daji ya fito, a jihar da take cikin jihohi 11 da ake dasa ganuwar bishiyoyi don tare hamada. Ka ga yadda matakin da aka ɗauka ba tare da duba talaka ba ya koma ya cuci yanayin da kansa.

Shi ya sa nake jin tsoro duk lokacin da aka ce za a hana sare itace da yin gawayi da ƙarfin doka kawai. Dazuzzukanmu suna ƙarewa, wannan gaskiya ce mai zafi. Amma mai saran, da mai jaki ko kura da ke ɗaukowa, da dillali, da mai faskare, da tsohuwar da ke ƙulla gawayi na naira ɗari biyu a zaure, su ne mahaƙan kwal ɗinmu. In aka kama su ba a sauƙaƙa gas ba, ba a kawo murhu mai cin itace kaɗan ba, ba a ba su fili da irin dashe su noma itacen sayarwa ba, sana'ar ba za ta mutu ba, dare za ta koma, farashi ya hau, mai ƙosai ta biya.

Sola ma da nake aikinta tana da nata rashin adalcin, kuma ina ganinsa kullum. Mai hali ya sa faifai da batir na miliyoyi ya huta da janareta. Mai walda da mai markaɗe da mai sayar da ƙanƙara, waɗanda suka fi shi bukatar wutar don da ita suke ci, ba su da kuɗin da za su biya a dunƙule, kuma kuɗin ruwan banki ya fi ƙarfinsu. Na sa wa wani manomin rani famfon sola a wajen Ajiwa. A da kusan duk ribar tumaturinsa a fetur take tafiya, yanzu da hantsi ruwa yake bin kwami ba ƙara ba hayaƙi. Maƙwabcinsa na gona, wanda bai da ɗan'uwa a birni da zai ranta masa, yana nan yana jan igiyar tsohon injinsa, kuma a kasuwa ɗaya za su sayar da kwando. Abin da zai haɗa su rance ne mai sauƙi da za a biya bayan girbi, ko ƙungiyar manoma ta sayi famfo ɗaya a riƙa karɓa-karɓa. Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi damar tsara kasuwar wutarsu, don haka yanzu a Katsina ma ana iya yanke irin wannan shawara, ba sai an jira Abuja ba. Kuma ya kamata mu koyi darasi daga injinan iska 37 na Lambar Rimi, aikin megawat 10 da aka faro tun Malam Umaru Musa 'Yar'aduwa yana gwamna, wanda ya ɗauki shekaru masu yawa kafin a ga amfaninsa. Kafa ƙarfe ba shi ne aikin ba, sai an tanadi masu gyara 'yan gida da kayan gyara da kuɗin kula.

Tunda tattalin arziki kake karanta, ga aikin da zan so ka yi a hutun nan. Ka ɗauki littafi da biro ka zagaya masu itace da gawayi na cikin garin Daura. Ka tambayi kowannensu daga ina kayan ke zuwa, hannu nawa suke bi kafin su iso shi, nawa yake samu a buhu, baki nawa yake ciyarwa, kuma wace sana'a zai iya kamawa in wannan ta tsaya. Ka shiga gidaje goma, da izinin masu gidan, ka ji nawa suke kashewa a wata wajen girki da haske da cajin waya. In ka haɗa, ka kawo mini Katsina mu zauna a kai, ni kuma in nuna maka lissafin famfon Ajiwa.